Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Fuskar Martin Luta a Hannun Masu Zane, da Fuskar Shehu da Ba a Zana Ba

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da malaman makarantu a Kanya Babba, ƙaramar hukumar Babura

 

  

Da aka kawo mini takardar gayyata, aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na ce zan yi magana kan hotunan wasu malaman Kirista na ƙasar Jamus da suka mutu kusan shekara 500 da suka wuce. Wanda ya kawo takardar ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, a Kanya Babba fa za a yi taron." Na ce masa na sani. Ku ara mini kunnuwanku, in Allah ya so kafin a kira la'asar za ku ga inda zancen ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Kwanakin baya muna cikin mota daga Kano za mu Babura, wani saurayi da ke kusa da ni ya miƙo mini wayarsa, ya ce in ga hoton Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na duba, sai ga wani dattijo siriri, da farin rawani da farin gemu, fuska sai annuri. Na tambaye shi shekarar da Shehu ya rasu, ya ce 1817, kuma ya faɗi daidai. Na ce masa na'urar ɗaukar hoto ba ta fito fili ba sai 1839, a birnin Faris, shekara 22 bayan an rufe Shehu a Hubbare. Ya ce to ai zane ne. Na ce wa ya zana? Wani daga kujerar baya ya ce ai wani Bature ne. Na ce Baturen farko da tarihi ya rubuta zuwansa Sakkwato shi ne Kyaftin Clapperton, a watan Maris na 1824, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan gado, Shehu kuwa ya shekara 7 da rasuwa. Motar ta yi tsit. Saurayin nan ya karɓi wayarsa, amma na lura bai goge hoton ba. Wannan rashin gogewar ne ya sa na zaɓi maganar yau.

Turawa suna kiran zamanin da ya faro a Italiya wajen ƙarni na 14, ya kai har ƙarni na 16, da suna Renesans, wato zamanin Farfaɗowa. Kafin nan, yawancin aikin mai zane na coci ne, yana zana annabawa da waliyyan Kirista da fuskokin da ya ƙago da kansa. A ƙarni na 15 sai aka gwanance da fentin da ake kwaɓawa da mai, aka fara zaunar da mutum a gaba ana kwaikwayon fuskarsa, har da tabo da furfura da ramin ido. Sarakuna da attajirai suka yi caa a kan abin. Har Sarki Muhammadu Alfatih na Turkiyya, wanda ya ci Kustantiniya a 1453, ya nemi mutanen Banis su aiko masa da gwaninsu. Suka aiko da Gentile Bellini, ya zana shi a 1480, zanen yana birnin Landan yanzu haka. A tsakiyar wannan ƙarnin kuma Gutenberg ya fito da injin ɗab'i a garin Mainz. Masu zane suka ga dama ta samu: a sassaƙa hoto a jikin katako ko a ƙarce shi a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda kamar yadda ake buga hatimi. Hoton da a da sai sarki yake mallaka, sai ga shi ana tallarsa a kasuwa.

Cikin wannan yanayi Martin Luta ya taso. Ba na Amurka nake nufi ba, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, shi wannan takwara ne, sunan ɗan Jamus ɗin aka sa masa. An haifi Luta a 1483 a garin Eisleben, ya shiga zuhudu, ya zama malamin Baibul a jami'ar Wittenberg. A lokacin ana sayar wa mutane wata takarda da sunan Fafaroma, wai wanda ya saya an sassauta masa azabar zunubi, shi ko mamacinsa. Rabin kuɗin na ginin babbar cocin Rum ne, rabi kuma na biyan bashin da Akbishop Albrecht na Mainz ya ci wajen attajiran gidan Fugger don ya sami kujerarsa. A ƙarshen watan Oktoba na 1517 Luta ya fito da hujjoji 95 yana sukar wannan ciniki. Daga nan cocin Yammacin Turai ya dare biyu, Katolika da Furotesta. Abin ya iso har ƙasarmu: cocin Lutheran da ke da hedikwata a Numan ta jihar Adamawa, wanda wani likita ɗan Denmak mai suna Niels Brønnum ya aza harsashinsa a 1913, sunan mutumin nan yake ɗauke da shi. Ban zo in auna addini da addini ba, wannan ba fagena ba ne. Fuska na zo mu duba.

A garin Wittenberg akwai wani mutum da ake kira Lucas Cranach, ana faɗin sunan kamar Kiranak. An haife shi a 1472, tun 1505 shi ne mai zanen fadar Sarki Frederick na ƙasar Saxony, wanda ake wa laƙabi da Mai Hikima. Kada ku ɗauka wani fakiri ne da buroshi a ɗan lungu. Yana da ma'aikata cike da yara da almajirai, yana da kantin magani, yana da hannu a maɗaba'a, ya riƙe shugabancin garin har sau uku. Sarki ya ba shi tambari na kansa a 1508, maciji mai fukafukai, shi yake sawa a maimakon sa hannu. A kan dutsen kabarinsa an yabe shi da cewa shi ne mai zanen da ya fi kowa sauri. Shi da Luta aminai ne na ƙut da ƙut: Luta ya tsaya wa 'yar Cranach a ranar baftisma, Cranach ya tsaya wa ɗan Luta na fari. Duk fuskar Luta da duniya ta sani yau, daga hannun mutumin nan da yaransa ta fito.

A 1520, lokacin da Rum ke shirin korar Luta daga coci, Cranach ya ƙarce hotonsa na farko a jan ƙarfe. Wanda ya ga wannan hoton ba zai manta ba: ɗan zuhudu ramamme, ƙasusuwan kumatu a waje, idanu sun zurma, baki a tsuke, kamar mutumin da ba ya jin lallashi. Wannan bai yaɗu sosai ba a lokacin. A shekarar dai aka sake wani, aka sassauta fuskar, aka tsayar da shi cikin wani ɗan lungun bango mai baka kamar yadda ake tsayar da waliyyansu, da littafi a hannu, ɗaya hannun a ɗage kamar mai ba da karatu. Shi aka bari ya shiga duniya. Masana tarihin zane suna ganin fadar sarki ce ta gwammace na biyun, domin za a kai mutumin gaban Sarkin Sarakuna Charles na 5 a garin Worms, kuma ba a son a ga fuskar ɗan tawaye. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, mai zane ɗaya, fuska biyu. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Su mutanen fadar nan sun san da haka, shi ya sa suka riga mai tambaya isa wurin fuskar.

Wasu masu zanen suka kwafi hoton suka ƙara gishiri. Hans Baldung, a 1521, ya ɗora masa da'irar haske a ka da kurciya tana sauka a kansa. Jakadan Fafaroma a taron Worms, Aleander, ya rubuta wa Rum da takaici cewa mutane suna sayen hotunan nan suna sumbatarsu, kuma sun ƙare a kasuwa kafin shi ma ya sami nasa. Ku duba wannan al'amari. Mutumin da ya tashi yana cewa a koma ga Littafi, a bar dogaro da waliyyai, cikin shekara 4 an mai da shi waliyyin takarda.

Bayan taron Worms aka yanke masa hukuncin cewa jininsa ya halatta. Sarki Frederick ya sa mahaya suka tare shi a hanya kamar 'yan fashi, suka ɓoye shi a gidan dutse na Wartburg. Labari ya bazu cewa an kashe shi. Babban gwanin zanen Jamus, Albrecht Dürer, wanda ya daɗe yana burin ya ga Luta ya zana shi amma Allah bai haɗa su ba, har makoki ya rubuta a littafinsa na tafiya. Shi kuwa gogan yana can ya tsayar da gemu, ya ajiye rigar zuhudu, ana kiransa Junker Jörg kamar wani barde, yana juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. A watan Disamba na 1521 ya saci jiki ya shigo Wittenberg na 'yan kwanaki, Cranach ya zana shi da gemun. Aka buga, aka watsa. Babu gidan rediyo a zamanin, hoton nan shi ne sanarwar cewa mutumin yana raye, kuma gani ya kori ji.

Na gaba shi ne na aure, kuma ni a ganina shi ne mafi wayo. A ƙa'idar Katolika fada ba ya aure, 'yar zuhudu ma haka. A watan Yuni na 1525 Luta, yana da shekara 41, ya auri Katharina von Bora, mai shekara 26, wadda ta gudo daga gidan zuhudu. Cranach yana cikin shaidun ɗaurin auren. Maƙiya suka samu abin faɗa, suka ce dama sha'awa ce ta fitar da shi daga coci. Luta yana iya rubuta littafi ya kare kansa, amma mutum nawa ne ke karatu a lokacin? Sai ma'aikatar Cranach ta shiga fitar da ƙananan alluna biyu-biyu, miji a ɗaya mata a ɗaya, cikin sutura ta kamala, irin yadda ake zana kowane magidanci mai mutunci da iyalinsa. Ana aika su kyauta ga sarakuna da abokai. Wanda ya rataye su a zaurensa ya amince da auren ke nan, ko bai furta ba. A 1527 har iyayen Luta aka zana, tsoho da tsohuwa da fuskar wahala, don a ga ɗan gidan mutunci ne mai asali.

Daga wajen 1528 fuskar ta tsaya a kan siffa guda: kakkauran mutum, baƙar riga mai faɗi ta malaman jami'a, baƙar hula, wani lokaci da littafi a rufe a hannu. Ba zama Luta yake yi kullum ana kallonsa ana zanawa ba. Akwai zanen asali a ma'aikata, yara su ɗora shi a kan allo su bi layin, wannan ya cika riga, wancan ya gyara ido, a sa maciji mai fukafukai, a fitar. In kuna son ku san girman aikin, a 1533 an biya Cranach kuɗin alluna 60 biyu-biyu na sarakunan Saxony guda biyu da suka rasu, wato allo 120 a oda ɗaya. Wannan ba ya da bambanci da mai maɗaba'ar da ke buga fosta a Kano idan zaɓe ya matso, sai dai nasa hannu ne da fenti. Kuma bari in faɗa muku wani abu game da mutumin: duk amincin nan da Luta bai hana shi karɓar aiki daga Akbishop Albrecht ba, shi dai wanda cinikin takardunsa ya tayar da rigimar. Ya zana shi fiye da sau ɗaya cikin siffar waliyyi Jerome yana nazari. Ɗan kasuwa ne, ya raba ƙafa, kuma ƙafafun biyu duk sun kai shi gida.

Abokan hamayya ma ba su zauna ba. A 1529 aka buga littafin wani malamin Katolika mai suna Cochlaeus da hoton Luta mai kai 7 a bangonsa, kowane kai da irin maganarsa, don a nuna mutum ne mai tufka da warwara. Ɓangaren Luta su ma sun zana Fafaroma da siffofin da ba zan iya faɗa a gaban iyayena ba.

Har mutuwarsa ba ta tsira ba. A wancan zamani mutane sun yi imani cewa ɗan bidi'a yana yin mummunan ƙarshe, fuska a murtuke. Da Luta ya mutu ranar 18 ga Fabrairu, 1546, a garin da aka haife shi, nan da nan aka kirawo mai zane Lukas Furtenagel daga Halle ya zana fuskar gawar. Ma'aikatar Cranach ta mai da wannan zane alluna masu yawa: ga shi kwance cikin farar riga, fuska a sake kamar mai barci. Shaida ce ake kafawa da fenti. Shekara guda bayan haka, a 1547, aka kafa babban allo a cocin garin Wittenberg. A wurin da a da sai waliyyai, sai ga mutanen da 'yan garin suka sani ido da ido: abokin aikin Luta, Melanchthon, yana yi wa jariri baftisma, wani abokin nasa, Bugenhagen, yana sauraron masu tuba, Luta a ƙasa a kan mumbari yana wa'azi, matarsa da ɗansa a cikin masu sauraro.

To, ba duk 'yan Furotesta ne suka yarda da wannan ba, kuma a nan ne maganar za ta yi muku kama da wadda kuka saba ji a karatun zaure. Tun Luta yana ɓoye, a farkon 1522, abokin aikinsa Karlstadt ya yi fatawar a fitar da hotuna da gumaka daga coci, matasa suka shiga farfasawa. Luta ya dawo a watan Maris ya yi wa'azi kwana 8 a jere, ya ce a bar ɓarna, hoto ba shi da laifi muddin ba a bauta masa. A Suwizalan kuwa tsaurin ya fi haka. Mutanen Zurich, a ƙarƙashin jagoransu Zwingli, sun kwashe hotunan cocinsu a 1524 suka shafe bangon da farar ƙasa. A Basel an yi irin haka da ƙarfi a 1529, kasuwar zane ta mutu, gwani irin Hans Holbein ya tattara ya koma Ingila neman abinci a fadar Sarki Henry na 8. Hotunan Zwingli da aka sani, Hans Asper ya zana su ne bayan an kashe mutumin a yaƙin Kappel a 1531. A 1550 wani ɗan Ingila, Christopher Hales, ya aika Zurich yana son a zana masa manyan malaman garin ya rataye a ɗakin karatunsa, malaman suka yi ɗari-ɗari, suna tsoron kada su buɗe ƙofar da suka sha wuya kafin su rufe. Kalbin, jagoran Furotesta na Janiba, da ya mutu a 1564, an binne shi a kabarin da ba a sa wa alama ba, bisa wasiyyarsa. Amma shekara 16 kacal bayan haka magajinsa Beza ya buga littafi guda na hotunan jagororin tafiyar.

Malamaina sun fi ni sanin abin da ya zo a Bukhari daga Ibn Abbas game da Wadda da Suwa'a da sauran sunayen da ke cikin Suratu Nuh: mutanen kirki ne, suka mutu, aka kafa musu alamomi don tunawa, da zamani ya ja aka bauta musu. Sun kuma san labarin cocin Habasha mai hotuna da Ummu Salama da Ummu Habiba suka ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Tsoron da malaman Zurich suka ji ke nan, kuma tarihi ya nuna ba tsoron banza ba ne. A 1689 gobara ta ci gidan da aka haifi Luta a Eisleben, aka ce an tsinci wani hotonsa bai ƙone ba. Mutane suka riƙa zuwa kallonsa a matsayin abin al'ajabi. Bayan mutuwar Luta da shekara 143 ke nan.

Musulmi sun bi wata hanya, suka siffanta da harshe. Shama'il na Imam Tirmizi siffantawa ce da kalmomi, kuma gwanayen rubutu na Turkiyya, irin su Hafiz Usman da ya rasu a 1698, sun mai da wannan siffantawar allon ado da ake ratayewa a bango, ba tare da an zana ido ko hanci ba. Shehu Usmanu ma haka ya iso gare mu. Ɗansa Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya ba da labarin yadda yake fitowa wurin wa'azi: yakan ɗan tsaya kafin ya isa ga jama'a ya sabunta niyyarsa, sannan ya yi musu sallama da sakin fuska. Mun san sakin fuskar, ba mu san fuskar ba. Mun san Ihya'us Sunna da Nurul Albab da Kitabul Farƙ. Ɗantunku da ya kafa Kazaure nan kusa da mu, shi ma babu wanda ya zana shi. Bello kansa, siffarsa ta zahiri a rubuce Clapperton ya bar mana: kakkaura, mai gajeren baƙin gemu a nannaɗe, da manyan idanu baƙaƙe. Cikin manyan wancan zamani, wanda aka zana yana raye shi ne Shehu Muhammadu Al-Amin Alkanemi na Barno. Manjo Denham ya zana shi, aka gyara zanen a Landan aka buga a littafin tafiyarsu a 1826. Ko shi ɗin, ta idon baƙo da hannun wani maƙerin hoto da bai taɓa taka Kukawa ba ya biyo.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Da kyamara da maɗaba'a suka iso, mu ma mun yi abin da mutanen Wittenberg suka yi. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal hoto ɗaya tak aka san an ɗauke shi, wajen 1913, yana tsare a hannun Faransawa, tsaye cikin farar riga, mayafi ya rufe rabin fuskar. Hoton da mai mulkin mallaka ya ɗauka na wanda yake tsaro, yau shi ne a bangon shaguna da jikin motocin Dakar. Hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, kun san inda yake: a zaure, a gilashin mota, a wuyan yara ranar Mauludi. Akwai ma na Shehu Abdulƙadir Jilani da zaki, da na Shehu Ahmadu Tijjani da barewa, waɗanda ake sayarwa a bakin kasuwa, alhali na farkon ya rasu a 1166, na biyun a 1815, babu wanda ya ɗauke su hoto. Waɗanda suka yi wa'azi a kan hana rataye hotunan shehunai kuwa, ku duba wayoyin almajiransu yau, fuskar malaminsu ce a kan allon. Ba gori nake yi wa kowa ba, zuciyar ɗan Adam ce, tana son ta ga wanda take ƙauna. A siyasa ma haka. Malam Aminu Kano ya rasu tun 1983, amma duk kakar zaɓe sai ka ga fuskarsa a saman fosta, ɗan takara a ƙasa, kamar Malam ne ya ɗaga masa hannu. Cranach ya zana kansa tsaye kusa da Luta, ko ɗansa ya zana shi, a allon cocin Weimar da aka gama a 1555. Dabarar tsayawa kusa da babba a hoto tsohuwa ce.

Abin da ya ba ni sha'awa, su masu zanen nan sun san iyakar sana'arsu. A ƙasan hoton Luta na 1520 an rubuta da Latin abin da ke nufin cewa siffar da za ta shuɗe ce Lucas ya kama, siffar hankalin mutumin kuwa shi da kansa yake fitar da ita. Dürer ma, da ya ƙarce hoton Melanchthon a 1526, ya sa rubutu mai irin wannan ma'ana: hannu ya iya fuska, bai iya tunani ba. Gwanayen da suka zauna da mutanen ido da ido ke nan suke gaya maka ka je ka karanta littafin. Mu kuwa yanzu an kai inda yaro zai rubuta wa kwamfuta "tsohon malami Bafillace da rawani", cikin daƙiƙa kaɗan ta haifo masa fuskar da ba ta taɓa rayuwa ba, ya rubuta sunan Shehu a ƙasa, ya tura WhatsApp, kafin magariba ta kai Magarya. Na Cranach ko ba komai ya ga mutumin. Wannan kuwa kama da wane ma bai kai ba, domin babu wanda ya san kamannin wanen.

Saboda haka, ƙannena ɗalibai, duk hoton babban mutum da ya faɗo muku a waya, ku tsaya ku tambaya: wa ya yi shi, a wace shekara, ya ga mutumin ko bai gan shi ba, kuma me yake so in ji a raina idan na kalla? In an ce muku na Shehu Usmanu ne, ko na Abdullahin Gwandu, ko na Nana Asma'u, to ƙage ne, kada ku tura wa kowa.

Roƙona na biyu ga iyayenmu ne. A gidajen Kanya Babba da Babura da Roni da Gwiwa akwai hotuna na gaskiya a ƙasan adaka: na fasfon aikin Hajji, na katin makaranta, na ranar naɗin sarauta, na tsofaffin malamai da dagatai da suka riga mu gidan gaskiya. Gara da damina suna cin su, waɗanda suka san masu fuskokin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauko su tun da sauran mai shaidawa, ku zaunar da jika ya rubuta a bayan kowanne da fensir: sunan mutumin, sunan mahaifinsa, garinsu, da shekarar da aka ɗauka in an tuna. Malaman makaranta da ke nan, ku ba ɗalibanku wannan a matsayin aikin hutun bana.